Shafin da Gara Ta Ci

Azumin bana ya faɗo cikin bazara tsundum. Tun hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙara, kafin azahar kuwa ko kaza ba ta yarda ta taka tsakar gida. Jikokina suna zube a kan siminti, kowa da ƙorafinsa. Wannan an ɗauke wuta, wancan ƙanƙara ta yi tsada, ƙaramarsu kuma da ba ta ma azumin ita ta fi kowa langaɓewa. Ni dai ina gefe da maficina ina kallonsu. Ba na tanka musu, don ina buɗe baki za su ce Hajiya ta fara labarin da. Amma wannan zafin na san shi. Shekara talatin da uku ke nan da muka sha irinsa, ni da wata yarinya mai suna Shatu, kuma har yau in iska mai zafi ta bugi fuskata ita nake fara tunawa.

Lokacin ina da shekara ashirin da huɗu, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horar da malamai ba, ina ji da kaina ƙwarai. Maigidana malamin gona ne. Aka turo shi wani ƙauye a ƙasar Kiru, tafiyar rabin sa'a a babur daga Kafin Maiyaki, ni kuma aka ba ni aji a firamaren garin. Ni kaɗai ce mace a cikin malaman, ni kaɗai ce kuma macen da take jin Turanci a garin kaf, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba.

Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta nuna ba, aka girbe kara fiye da hatsi. Kafin rani ya raba, rumbunan mutane da yawa sun koma ɗakin kwanan ɓeraye, ɓerayen ma daga baya suka yi ƙaura. Rijiyar tsakiyar gari ta ja baya, har ta kai in ka zura guga laka yake ɗebo maka.

Shatu jikar wani dattijo ce, Malam Buba, mai ruga a bayan gari. Fulani ne masu kiwo da ɗan noma, shi kuma tsohon yana koya wa yaran rugar karatun allo. Shekarunta ba su wuce goma sha ɗaya ba, siririya, mai ido kamar na maraƙi. Ita take kawo mini nono. Da nonon ya fara ƙaranci ma ba ta fasa zuwa ba, sai ta shigo da ɗan abin da bai rufe gindin ƙwarya ba, ta tsuguna a bakin ƙofa tana kallona.

Wata rana ta tarar ina karanta wani shafi a bayyane, ina shirin darasin gobe. Ta jira har na gama, ta auna mini nono, ta tafi. Washegari tana sauke ƙwarya sai na ji Turanci yana fitowa daga bakinta, shafin nan na jiya, layi uku cur, har da inda na tsaya na yi tari. Na saki ludayin da ke hannuna.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ke ce, Malama. Jiya."

Da ina da hankalin da nake da shi yanzu, da tun a ranar na gane irin kan da Allah ya ba yarinyar nan da inda zai iya kai mu. Amma ni abin da na gani kawai shi ne na tsinci abin nunawa.

A cikin makon aka aiko wa hedimasta takarda. Wata firamaren kwana ta 'yan mata za ta ɗauki yaran ƙauye, ci da sha da tufafi duk na gwamnati. Yarinyar da ta girmi aji ɗaya ba za a karɓe ta ba sai in ta iya karanta Turanci daidai da 'yan aji huɗu, kuma za a yi gwajin a Bebeji kwana uku bayan ƙaramar Salla. Ba wanda ya ba da 'yarsa a garin. Ni kuwa na yafa mayafi na nufi ruga.

Na tarar ana ɗaure kaya. Uban Shatu, wanda take kira Baffa, da ƙannensa za su kora shanu kudu, ta Tudun Wada su bi Doguwa su shiga duwatsu, inda aka ce akwai sauran ciyawa da ruwa. Gidan gaba ɗaya za a tashi. Na durƙusa na gai da Malam Buba, na faɗi abin da ya kawo ni, na ƙara gishiri yadda ya kamata. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya juya wajen yarinyar.

"Ke kina so?"

"Ina so, Kaka," in ji Shatu. "In na iya, ni zan riƙa karanta wa Baffa abin da aka rubuta a kwalbar maganin shanu. Ba sai an je Kafin Maiyaki neman mai karantawa ba."

Tsohon ya yi murmushi, sannan ya dube ni.

"Malama, yarinya ba ta zama ita kaɗai. In ta tsaya, ni da tsohuwata mun tsaya, kuma sai an bar mana saniya biyu da za mu riƙa tatsa. Kin ga yadda ƙasar take. Na ba ki ita zuwa Salla. Abu ɗaya na roƙe ki. In kin ga ba za ta iya ba, ki faɗa mini da wuri, mu bi bayan shanu tun ƙafafun saniya biyun nan suna iya ɗaukarsu."

Na ce, "Baba, in sha Allahu ba za a kai ga haka ba."

Aka tafi da garke, aka bar musu saniya biyu, fara da ja.

Kayan karatunmu ba su da yawa. Littafi ɗaya ne, wanda na yi amfani da shi tun ina firamare, bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Littafin rubutu kuwa a shekarun nan ko 'yan ajina yagar takarda suke raba wa juna. Sai Malam Buba ya ba ta wani tsohon allo da ya tsage a gefe, ya ce wannan na boko ne, kada ta kuskura ta haɗa shi wuri ɗaya da na Alƙur'ani. Da tawada da alƙalamin kara ta fara rubuta Turanci.

Baƙaƙen boko cikin kwana huɗu ta gama su. Tana rera su, tana zana su a allo tsaf, har sun fi nawa kyau. Na ce to me za mu tsaya yi, lokaci ba ya jiranmu, na buɗe mata shafin farko. Ta gyara zama irin na gaban malami, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko, ta ce, "Malama, biya mini."

Na biya mata, wato na karanta tana bi. Sau uku. Ta kwafe shafin a allo ta tafi da shi gida. Washegari ta dawo ta karanta mini shi daga littafi, yatsa yana tafiya, ba gargada ko ɗaya. Na ce ta wanke. Ta wanke allon da ɗan ruwa a kasko, ta juye wa barkonon da na dasa a bakin randa, don a lokacin ba mai zubar da ruwa a banza. Muka shiga shafi na biyu. Haka muka yi ta yi kullum bayan na taso daga makaranta, biyawa uku, rubutu, wanki. Barkonon nan shi kaɗai ne kore a gidan.

Kafin wata biyu mun wuce shafi talatin. Ni kuwa na shiga yawo da ita. Na kai ta gaban hedimasta ta karanta, ya cire hula ya mayar. Na kai ta gidan mai gari, matansa da ba su san ko kalma ɗaya ba suka yi ta tafa hannu. 'Yan ajina da suka shekara huɗu suna fama na riƙa yi musu gori da ita, ina cewa ga 'yar ruga nan ta zo jiya ta wuce su. Duk wanda ya yaba mata, a kunnena ni yake yabawa.

Sai azumi ya kama, aka rufe makaranta. Ban taɓa shan zafi irin na watan nan ba. Ana idar da sallar asuba mata za su ɗau tuluna su nufi ƙorama, wadda ta zama yashi zalla. A tona rami har kafaɗa, a zauna ana jiran ruwa ya tsattsafo, ana kwarfa da ƙoƙo, kowa da layinta. Tulu ɗaya sai ya ci hantsi. Shatu tana cikinsu, ta kai wa kakarta ɗaya, ta koma ta ɗebo wa shanu, sannan ta hau gawo ta sassaro musu ganye, gawon ma ya fara kaɗewa. Bayan azahar ta iso wurina, leɓɓanta sun tsage, ga shi ta ƙi ajiye azumi ko sau ɗaya. Mu zauna a inuwar katanga, inuwar tana matsawa muna binta da tabarma.

Buɗa-baki kunun tsamiya ne wanda kana hango gindin ludayi ta cikinsa, sai kwaɗon rama da ɗan ƙuli. Gidan da aka jiƙa garin kwaki to an ci daɗi. Mu masu albashi muna ɗan samun tuwo, nakan kuma ƙulla wa Shatu malmala biyu ta kai ruga. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwashe shanya, yara su fito suna tsalle, sannan ya watse kamar ba a yi ba. An fita roƙon ruwa har sau biyu.

Ran sha biyu ga wata aka yi ruwa. Ba mai yawa ba ne, amma ƙanshin ƙasar nan har yau yana hancina. Mutane suka fito suna tara tukwane, tsofaffi suna kuka. Washegari gari ya watse zuwa gona da azumi a baki. Maza suna sara da sungumi, mata da yara suna bi suna jefa iri suna takewa, in an gama gonar wannan a faɗa ta wancan. Irin da aka ɓoye a tulu aka hana yara ci, shi aka zuba a ƙasa. Samarin gari har ɗan fegin Malam Buba suka shuke masa. Shuka ta fito gwanin sha'awa. Daga nan sama ta rufe bakinta. Muna kallo ganyen ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta.

A ruga kuma jar saniya ta fara kasa tashi. Kullum da safe sai an kira maza huɗu sun zura mata itace ta ƙarƙashin ciki, wani ya kama wutsiya, a ɗaga ta a tsayar. In ta tsaya takan ɗan yi kiwo. In ta kwanta sai an sake taruwa.

Abin da ruwan nan ya tayar bai mutu ba shi ne gara. Ta biyo danshi ta shiga kwalin da nake ajiye littattafai a ƙasa. Ran ashirin ga azumi na ɗauko littafinmu na tarar ta ci gindin wasu shafuka, ta huda tsakiyar wani shafi da muka daɗe da wucewa, rami kamar tafin hannun jariri. Raina ya ɓaci, amma na kaɗe ƙasar na ce bari mu yi bitar baya. Na buɗe mata shafin mai rami ba da wata manufa ba.

Ta ɗora yatsa ta fara. Ta zo bakin ramin, ina jira ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Yatsanta ya bi ta kan ramin, muryarta tana zubo kalmomin da gara ta cinye, layi huɗu, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta cikin ramin ina hango rubutun shafin da ke ƙasa. Ta kai ƙarshe ta ɗago tana jiran in ce madalla.

Na ɗauki tsinke na rubuta kalma ɗaya a ƙasa, daga cikin shafin da ta gama yanzu.

"Mene ne wannan?"

Ta faɗa mini sunayen baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, daidai.

"To haɗa su. Me suka ce?"

Ta dubi ƙasa, ta dube ni. "Malama, ɗan biya mini farkon layin, zan kama."

Shatu ba karatu take yi ba, hadda take yi. Littafin nan gaba ɗaya yana cikin kanta, ta san kowane shafi da hotonsa da tabon man da ke gefensa, amma ba ta san yadda baƙi yake kama baƙi ya zama magana ba. Ba ta ɓoye mini komai ba. Abin da na nema ta ba ni, kuma ni ce ban taɓa nuna mata kalma ɗaya a wajen gurbinta ba.

Na kwana biyu ina fafutukar gyarawa. Na rufe littafi, na cika tsakar gida da rubutu, ina haɗa mata baƙi biyu biyu. Da a wata na farko ne, da cikinta da abinci, na tabbata mako uku ya ishe ta. Amma ga yunwa, ga ƙishirwa, ga ni ina daka mata tsawa saboda tsoron da ke cina. Yarinyar da ba ta taɓa kuskure a gabana ba ta rikice, har baƙaƙen da ta sani suka fara gudu daga kanta. A rana ta biyu ta ajiye tsinken, idonta ya cika.

"Malama, laifi na yi ne? Da kina cewa na iya."

A yammacin ranar aka yi sallama a zaure. Malam Buba ne da sandarsa, ya tako tun daga ruga cikin ranar nan. Maigidana ba ya nan, sai na tsaya daga bayan ƙofa muka gaisa.

"Malama, wasu danginmu za su bi bayan shanu jibi, kuma su ne na ƙarshe. Jar nan in aka lallaɓa ta za ta iya kaiwa inda ciyawa take. In ta ƙara mako a nan, ba na jin za ta kai ko bakin titi. Shi ne na ce bari in zo in ji daga bakinki. Yarinyar ta iya?"

Na tuna hedimasta da hularsa. Na tuna matan mai gari, da 'yan ajina da na yi wa gori, da yadda za a ce 'yar kwaleji ta wata biyu tana koyar da aku ba ta sani ba. Na kuma gaya wa kaina cewa ai littafin nan shi ake amfani da shi ko'ina, da wuya a gwada su da wani. Duk wannan bai ɗauke ni tsawon numfashi biyu ba.

Na ce, "Ta iya, Baba."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "To mun tsaya."

Washegari na share rubutun tsakar gida da tsintsiya, na buɗe littafi. Sauran kwanakin azumi na ƙare su ina ɗura mata ragowar shafukan, biyu biyu a rana. Fara'arta ta dawo.

Kwana uku bayan Salla maigidana ya ɗauke mu a babur zuwa Bebeji, Shatu a tsakiya, sanye da rigar da na sa aka rage mata daga atamfata. Yara sun fi arba'in a farfajiyar makarantar da za a yi gwajin. Mata uku ne a teburi cikin wani aji, mu 'yan rakiya muna leƙe ta taga. Tun yarinyar farko na ga abin da ake miƙa musu. Ba littafi ba ne, takarda ce guda da aka buga da tafireta.

Aka kira Shatu. Ta durƙusa ta gaishe su, ta karɓi takardar da hannu biyu, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko, ta yi shiru tana jira. Na san abin da take jira. Babbar cikinsu, wata mai tabarau, ta ce mata da Hausa, "Bismilla, karanta mana."

Ta waiwayo taga ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

Sai na ji muryarta ta tashi, garau, ba rawa. Shafin farko na littafinmu take karantowa, labarin wani mutum da jakinsa, yatsanta yana bin layukan wata magana dabam. Ɗaya daga cikin matan ta toshe baki da gyale. Yaran da ke bakin ƙofa, waɗanda suka san littafin, suka fara ƙyalƙyala dariya. Mai tabarau ba ta yi dariya ba. Ta bar ta ta kai ƙarshe, ta karɓi takardar a hankali.

"'Yata, wa ya koya miki?"

Shatu ta nuna taga da hannu, fuskarta cike da alfahari. "Malamata ce. Ga ta can."

Matar ta zare tabarau ta dube ni. Ban tsaya jiran abin da za ta ce ba.

A hanyar komawa ruwan da aka wata biyu ana roƙo ya sauko, ruwa na gaske, har sai da muka fake a wata rumfa a Kafin Maiyaki. Mutane suna ta hamdala. Shatu tana rawar sanyi a jikina, ta tambaye ni sau ɗaya ko ta ci, na ce sai an aiko. Ba ta sake tambaya ba, don ta ji dariyar nan kamar yadda na ji ta.

Da la'asar muka isa ruga. Fatar jar saniya tana shanye a kan danga, ruwa yana ɗiga daga jikinta. Tun da safe ta kasa tashi ko da itace, aka yanka ta kafin ta mutu, naman ma ba wani abin kirki. Malam Buba yana zaune a bakin bukka. Na durƙusa na faɗa masa yadda aka yi, ban rage ba.

Ya ce wa Shatu ta ɗauko allonta na boko. Shi bai san baƙin boko ko ɗaya ba. Ya riƙe allon, ya ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe ta can ƙasa, ya ce ta faɗa. Ta kasa. Ya matsa sama ya nuna wata a tsakiya. Leɓɓanta suka fara motsi, tana janyo shafin tun daga farko don ta iso wurin. Ya ajiye allon.

"Mu haka muke gwada yaro, Malama, daga ƙasa zuwa sama. Kuma ba ma sakar masa hadda sai ya san babbaƙu da farfaru, ya iya haɗa su da kansa. Na ɗauka ku ma haka kuke yi, shi ya sa ban taɓa dubawa ba." Ya juyo gare ni. "Yau kika gane?"

Da na ce e, da ya yarda. Na ce, "Tun ashirin ga azumi, Baba."

Ya ƙirga a yatsunsa, a hankali.

"Ashirin da biyu na zo ƙofarki."

Bai ƙara ko kalma ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Cikin makon suka tashi, tsoho da tsohuwa da yarinya da farar saniya, su kaɗai a hanyar da ya kamata su bi cikin jama'a. Shatu ta biyo ta gidana da sassafe. Na miƙa mata littafin, ta karɓa ta soke a zani. Ta tsuguna a inda ta saba tsugunawa da ƙwaryarta, ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, na ba ki kunya a gaban mutane." Na kasa ce mata komai, kuma wannan shirun ma yana cikin abin da ban yafe wa kaina ba.

Na shekara talatin ina koyarwa bayan nan. Duk yaron da ya bi ta hannuna daga ƙasa zuwa sama nake gwada shi, ina tsinto masa kalma daga tsakiyar shafi, ina rubuta masa a ƙasa. Sun sa mini suna Malama Mai Tsinke. Wasunsu yanzu likitoci ne, suna zuwa gaishe ni da Salla, ana cewa na yi aiki. Nakan karɓi gaisuwar.

Makon jiya na je kasuwar Kafin Maiyaki sayen gero. Ina tsaye a rumfa ina fifita da gefen mayafi sai na ji an ce, "Malama?" Wata mace ce da goyo, fuska duk ta sha rana, furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali. Idon ne kawai bai canja ba. Ta riƙe hannuna da hannu biyu tana dariya. Ta ce sun daɗe a ƙasar Doguwa, Kaka ya rasu shekara biyu bayan tashinsu, goyon da ke bayanta kuma jikanta ne, ba shi da lafiya, daga asibiti suke. Ban tambaye ta ba, ta gyara tsayuwa a tsakiyar kasuwa ta karanto mini labarin mutumin nan da jakinsa, tun daga farko har ƙarshe, da muryata ta shekara ashirin da huɗu.

"Kin ga ban manta ba," in ji ta.

Na ce na gani.

Sai ta kwance bakin zaninta ta ciro ƙullin magunguna kala uku da wata takarda da aka ninke. Ta ce ma'aikacin asibitin ya yi mata bayani da sauri, mutane sun yi yawa, ta ji nauyin ta ce ya maimaita. Ta warware takardar a kan buhun gero, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko.

"Biya mini, Malama. Sau uku kawai, kin san kaina."

Na biya mata sau uku.